Alƙaliya ta Uku

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa tuwo a Kwangila,
direbobin tirela ne alƙalaina.
Ba sa rubuta maki.
In miya ta yi su dawo,
in ba ta yi ba su wuce Kaduna da yunwarsu.

Sai ga ni ran Asabar a wani ɗakin taro a Kongo,
an shafa mini hoda, an maƙala mini 'yar na'ura a kunne,
an ce, "Hajiya Talle, ke ce ta uku."
Damana malama daga Samaru da tabarau,
haguna wakilin kamfanin ɗanɗano,
wanda kuɗinsa ya kunna fitilun.

Yara shida. Minti arba'in da biyar. Jan agogo a bango.

Barira 'yar Anguwan Juma, shekara sha ɗaya,
ta tsaya gaban murhun gas kamar mai gaida baƙo.
Ta durƙusa za ta hura.
Aka yi dariya, mai kyamara ya matso.
Minti bakwai tana neman inda wuta take kwana,
kuma babu wanda ya mayar mata da bakwai ɗin nan.

Mujittaba ɗan Hanwa ya murɗa, wuta ta ce na'am.
Ya fere karas ya zama fure,
ya danna shinkafa a kofi, ya kife ta tsakar faranti,
ta tsaya cak kamar sabuwar hula.
Na ga mai ya fallatsar masa a yatsa.
Ya tura hannun aljihu, ya haɗiye kukan,
don babansa na layin gaba.

Ita faten tsaki ta kawo.
Yakuwa, dakakkiyar gyaɗa,
da daddawar da ta ƙullo a bakin gyale.
Fate ba ya ado.
Ya kwanta cikin kwano kamar taɓon Agusta.
Murya a kunnena ta ce,
"Hajiya, a tuna, na gida ba sa ɗanɗanawa, gani suke yi."

Na kai cokali.
Tsamin nan ya turo mini ƙyauren gidanmu na Ƙofar Doka,
Inna na fifita wuta da faifai,
ni ina bayan turmi ina lasar muciya.
Na rubuta goma.

Malama ta ƙirga tsari, tsafta da lokaci, ta ba ta shida.
Wakili ya leƙa teburinta,
ya ga dunƙulensa biyu ko ɓarewa ba a yi ba,
ya ba ta huɗu yana murmushi.

Mujittaba ya ci.
Injin markaɗe, da takardar kuɗi mai faɗin ƙofa.

Na hau adaidaita ina tsine musu a zuci har gida.
Sai da dare, hannuna cikin kumfar wanke-wanke,
na tuna biyar na ba yaron.
Shinkafarsa ta yi wara-wara, gishiri daidai wa daida,
attaruhu bai yi ihu ba.
Abin da ta rasa ƙamshin uwata ne,
shi kuwa bai taɓa ganin uwata ba.

Wakili ya auna da aljihu,
ni na auna da kewa.
To mudun wa ya cika?

Akwai abin da ba a haska ba.
Da aka kashe fitilu, muna ta sa hannu a takardu,
na hango su can bayan labule.
Ta jiƙa masa yatsan a ruwan sanyi,
shi yana nuna mata yadda ake dannawa kafin a murɗa.
Ta gwada sau biyu, a na uku shuɗiyar wuta ta tashi.
Sannan ya ɗauko cokalinsa
ya tarar masu kyamara sun riga shi,
ba abin da ya rage a tukunyarta sai ƙanzo.

Suka raba ƙanzon.
Ba su tambaye mu ba.